Akuyar Tsohuwa

A tashar Jabi, wani mai rigar ofis ya leƙa wayar saurayin da ke gefensa a benci.

"Malam, ai gem ɗin nan ne da aka sabunta. Maƙiya na bakin gari, kai kana nema wa tsohuwa akuya?"

"Roƙona ta yi."

"Sun cika shi da aike-aiken banza. Na da, kai tsaye ake zuwa ƙarshe."

"Na san ƙarshen, oga. Jarumin na isa gida, babansa zai rasu. Muddin ina yawon akuya, tsohon na da rai."

"Katsina, saura mutum ɗaya!" in ji ɗan kamasho.

"Ba motarka ba ce? Ga shi ma yayarka na ta kiran wayarka," in ji mai rigar ofis.

"Na gani, tana wajen Baba a asibiti. Bari in kai wa tsohuwar akuyarta tukuna."