Takardar da Baba Mai Suwaita Ya Ƙi Yagewa

Mai girma shugaban taro, mai girma shugaban wannan kwaleji, shugabannin sassa, malamai da ma'aikata, iyalan wanda muka taru dominsa, 'yan uwa maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama in yi bankwana da maigidana a aiki, wanda ya riƙe ɗakin kwamfuta shekara talatin da ɗaya. Ku kun san shi da Baba Mai Suwaita, domin sanyin ɗakin nan ya sa ko ana zafin da kaza ke buɗe baki, shi yana cikin suwaitarsa ruwan ƙasa. Ni kuwa na san shi tun ranar da na shigo da takardar ɗaukar aiki a hannu, ina ji da kaina, ya dube ni ya ce, “'Yar nan, kafin ki taɓa komai, zo ki gaida akawu.”

Na waiga, ban ga kowa ba. Ashe wata 'yar manhaja yake nufi, wadda ke tashi tare da babbar kwamfuta, ta zauna a bayan fage, ba ta da aiki sai rubuta abin da ya faru. Abin da ya koya mini a kanta shi zan faɗa muku, domin a nan ne na san ko shi wane ne.

Na farko, akawun nan ba ya ƙin karɓar saƙon kowa. Manhajar da ta tashi za ta aiko masa, wadda ta faɗi za ta aiko masa, wanda ya shiga da kalmar sirri da wanda ya gwada aka hana shi, duk labarinsu yana zuwa wurinsa. Na biyu, ba ya ajiye saƙo tsirara. Sai ya buga masa rana da lokaci har da daƙiƙa, ya rubuta wace kwamfuta ce ta aiko, ya nuna nauyinsa: sanarwa ce, gargaɗi ne, ko kuwa gaggawa. Na uku, faifan ajiyar kwamfuta ba rijiya ba ne, yana cika. Don haka duk mako sai a rufe kundi a buɗe sabo, a bar na mako huɗu, mafi tsufa a goge shi.

Wannan gogewar ce Baba bai taɓa yarda da ita ba. Sai ya saita akawun ya riƙa tura kwafin duk shiga da duk gargaɗi zuwa wata tsohuwar firinta a lungun ɗaki, mai doguwar takarda da huji a gefe. Kai, firintar nan ta sha zagi! Kana cikin cin abincin rana sai ka ji ƙiiii, kamar ana saran ƙarfe. Mu ce, “Baba, ka tausaya wa kunnuwanmu.” Ya ce, “Ku ci abincinku, magana take yi.” Yau ɗakin shiru ne, komai na zamani, amma wallahi ina kewar wannan ƙara.

A shekarata ta huɗu aka gano an canza sakamakon ɗalibai bakwai, kuma da sunana da kalmar sirrina aka shiga. Aka kafa kwamiti. Ina da jaririya 'yar wata ɗaya da rabi, ga mahaifiyata a wuyana. Kora ce ke gabana, kuma wadda aka kora da sunan sayar da maki, wa zai sake ɗaukarta? Aka duba babbar kwamfuta, babu komai: abin ya yi mako shida, kundin ya riga ya gogu.

Baba ya sauko da kwali daga kan kabad, muka baje takardar firintar nan a ƙasa, muna bi da yatsa layi-layi. Can sai ga shi: an shiga da sunana ranar Asabar, ƙarfe biyu da minti goma sha ɗaya na rana, daga kwamfutar ofishin jarrabawa. A wannan lokacin ina kan gadon asibiti ina naƙuda, kuma katin haihuwa shaida ne. Na zauna a ƙasan nan na yi ta kuka.

To amma, jama'a, takardar ba ta tsaya nan ba. A shafukan da ke sama, kwana tara a jere, akawu yana ta buga gargaɗi: an gwada kalmar sirri an kasa, an gwada an kasa, daga wannan kwamfutar dai. Karanta gargaɗin nan kowace safiya aikin Baba ne, ba na kowa ba. A kwanakin nan matarsa ba ta da lafiya, ya riƙa ninke takardar yana jefawa a kwali ba tare da ya karanta ba. Kuma a watan ne ake shirin ba shi kujerar darakta.

Na dube shi na ce, “Baba, ga layin yagewa nan. Shafina kaɗai kwamiti ke buƙata.” Ya girgiza kai ya ce, “'Yar nan, idan na yage inda ya kama ni, da wane ido zan ce su gaskata inda ya wanke ki?” Haka ya naɗe ta duka, da nasa da nawa, ya kai musu da hannunsa.

Aka kama wanda ya yi, aka wanke ni. Shi kuwa aka ba shi takardar gargaɗi, aka tsallake shi a ƙarin girma, kuma ba a sake kiran sunansa ba. Bayan shekaru, kujerar nan ni aka ba. Shekara goma sha biyu ke nan yana shigowa da safe yana ce mini “ranki ya daɗe”, ni kuma kunya na kashe ni. Ya hana ni faɗin wannan labari, har 'ya'yansa da ke zaune nan gaba ba su san dalilin da ya sa mahaifinsu ya yi ritaya a matakin da yake ba. Baba, ka gafarce ni, yau na saɓa maka. Ku kuma 'ya'yansa, ku sani: ba gazawa ba ce ta tsayar da shi, ni ya tsaya wa.

Allah Ya sa hutu ne mai albarka, Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, Ya saka masa da abin da mu ba za mu iya ba. Allah Ya albarkaci iyalinsa, Ya ɗaukaka wannan kwaleji, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.