Muryar Yayana Soja da Ba Shi Ya Yi Ba

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Ni ce Luba mai sayar da atamfa, daga Runjin Sambo.

Ran Laraba aka turo mini murya a waya, sak ta yayana Sani, soja a bakin iyaka, wai sojojin ƙetare sun tsallako. Matasan layinmu suka ɗauki sanduna za su far wa maƙwabtanmu baƙi.

Nan take na kira Sani. Ya ce, "Wallahi Luba ban faɗa ba. Na'ura ce ta kwaikwaye ni, ƙirƙirarriyar basira." Da ƙyar liman ya mayar da matasan gida.

To wa ya ba na'urar muryarsa, kuma me yake nema? Yanzu ko Sani ya kira sai na yi shakka. Ku ba ni shawara.