Malamin Kwamfuta Ya Ƙi Zama

"Ba zan zauna ba. Ki ɗaure min ita kawai."

Ina jira a shagon kwamfutocin gwanjo na ji wani dattijo yana gaya wa matar da ke da shagon haka.

"Baba, zauna ka gwada. Ta tebur ce mai araha, manhajar kyauta na saka mata. In da ta saye ka saba, sai in canza."

"Duk ɗaya ne."

"Haba! Ba ka ce kwamfuta kake koyarwa ba?"

Ya rage murya. "Da alli nake zana ta a allo, 'yata. Shekara tara. Ko kunnawa ban iya ba."

"To in nuna maka?"

"A gaban mutane? A'a."

"Amma ka sani, kwamfutar da ta fita daga shagon nan ba gwaji, ko matacciya ce ba ta dawowa."

"Na ji. Ɗaure."