Kara Sha Ɗaya

A tashar Kazaure, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Daudu yana jiran motar Kano kusa da wani dattijo mai sanda.

"Malam, wannan uban kaya, ƙaura kake?"

"Ƙaura, Baba. Wani abokin dararmu ne a Roni ya hana ni sakat, Sale Tela. Mutum ne da in an cinye shi sai ya shure gurabun, ya ce a sake."

"To ku daina yi da shi mana."

"Ai ya rasu, Baba, wata uku ke nan. Muna cikin wasa ni da shi, ya tashi alwalar la'asar, ya yanke jiki ya faɗi."

"Allah ya ji ƙansa."

"Amin. Mun share wurin. Amma kullum da safe sai mu tarar an haƙa gurabun a gindin tsamiyar, an jera karansa. Mun zuba ƙaya, mun yi saukar Alƙur'ani, duk a banza."

Dattijon ya shiga zane a ƙasa da sandarsa.

"Kara nawa yake jerawa?"

"Sha ɗaya. Kullum sha ɗaya."

"Ka ci masa ɗaya kafin ya tashi?"

"A'a, ba mu kai ga ci ba."

"Dara kuwa da sha biyu ake yin ta. Ina ɗayan?"

 Hannun Daudu ne ya tafi aljihu da kansa, inda guntun karan yake tun la'asar ɗin nan.

Dattijon ya ɗan matsa nesa da shi.

"Kanon ma akwai ƙasa, Malam. Zai haƙa."