Birin Gini da Hannun Malam Inuwa

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku.

A da, a ƙauyenmu na bayan Rogo, birai kan sauko garke guda su tone mana gyaɗa. Mahaifina mafarauci ne, in ya harbo ɗaya, mahaifiyarmu ta yi bandarsa mu ci da tuwon dawa. Yau dajin ya zama gonaki, jikokina ba su san biri ba sai a waya.

Fataucin goro ya kai ni Gana da Kamaru, har Gini. Na iya Faransanci da Fillanci, amma ban ga inda ake gaisuwa irin tamu ba, a riƙe hannunka a tambayi gida da gona da gajiya. A yawon nan na yi nisa da Allah, na shekara goma ban taka coci ba.

A wata kasuwar kudancin Gini na ga wani mafarauci da birin da ya harbo. Rediyo na ta gargaɗi a guji naman daji, amma kewar gida ta rinjaye ni. Na saya, na feɗe da hannuna yadda mahaifina ke yi. Bayan mako guda zazzaɓi ya kayar da ni, ga amai, ga jini a dasashi. Likitoci suka ce Ebola ce.

Aka killace ni a tanti. Masu jinya na zuwa a lulluɓe, idanunsu kawai nake gani. Na kusa da ni ya rasu, aka fitar da shi babu mai rakiya. Tsoro ya kama ni, kada in mutu a baƙuwar ƙasa ba hannun da ya taɓa ni. Na yi addu'a da Hausa, yadda mahaifiyata ta koya mini: "Yesu, kai da ka taɓa kuturu, ka taɓa ni." Bayan kwana uku jinin ya tsaya. Halleluya!

Na dawo gida da takardar warkewa, amma labari ya riga ni isowa. A kasuwar Rogo kowa daga nesa yake gaishe ni. Sai Malam Inuwa maƙeri, Musulmi, wanda muka yi korar birai tare muna yara, ya ajiye guduma ya kama hannuna.

"Ɗan mafarauci, duk yawon nan biri ne ya koro mana kai gida? Ina gajiya?"

Na riƙe hannunsa gam, ina hawaye.

Na gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi, ku kuma ji gargaɗin ma'aikatan lafiya. Tun daga lokacin na bar naman daji, na bar fatauci, kuma ban sake fashin sujada ba.