Biran Yankari da masarar gonata

Malam mai gabatarwa, gaisuwa mai yawa daga Kafanchan.

A hutun Ista na kai yarana biyu Yankari, muka kafa tanti kusa da ruwan ɗumi. Ban taɓa ganin daji mai kyau haka ba, giwaye na wucewa gabanmu hankali kwance. Da birai suka fito, 'yata Saratu, mai shekara shida, ta hau buga gwangwani yadda muke korarsu a gona. Mai gadin daji ya ce mata, "Yarinya, nan gidansu ne, mu ne baƙi."

Yanzu masarata ta nuna, Saratu ta ƙi tsaron gona. Wai yau birai ne baƙinmu, kuma ba a korar baƙo. Jama'a, me zan gaya mata?

Naku, Bitrus.