Kishin Mai Jan Kati

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma wakilin ma'aikatar ƙwadago, wakilin masu masana'antun haɗa kayan lantarki da ke zaune a kujerar gaba da littafinsa a buɗe, shugabannin ƙungiyarmu da suka yi wata da watanni suna fafutukar wannan yarjejeniya, iyayena da yayyena, ƙannena da 'ya'yana, masu koren kati da ke zaune kan kujeru, da masu jan kati da ke tsaye a jikin bango, assalamu alaikum.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana, ina kuma godiya ga shugaba da ya ba ni minti goma, alhali ba ni da ƙuri'a a wannan zaure. Baƙinmu na iya mamakin haka, don haka bari in yi musu bayani. Mai koren kati masana'anta ce ta ɗauke shi da kanta. Mai jan kati kuwa dillalin ma'aikata ne ya kawo shi, shi yake biyansa abin da ya ga dama, shi kuma yake sabunta masa katin duk bayan wata shida. Ƙofa ɗaya muke shiga, ƙararrawa ɗaya ke tashinmu, fanel ɗaya muke taɓawa, wato koren allon nan da ke cikin kowace rediyo da talabijin. Shekarata goma sha tara a layin gyara, ina narka dalma ina liƙa abin da inji ya tsallake, har yara suka sa mini suna Uwar Layi. A takarda kuwa har yau sunana ma'aikaciyar wucin gadi.

Da na sauka za ku ɗaga hannu kan yarjejeniyar mafi ƙarancin albashi, wadda za ta ɗaure mu shekara uku. An karanta mana ita, kuma ta yi kyau. Akwai albashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, akwai hutu, akwai magani, akwai tabarau ga wanda aiki ya ci idonsa, akwai sauyin wurin aiki ga wanda ya gaza. Sai dai a ƙarshen sashe na uku an ajiye kalma biyar: "ban da ma'aikatan wucin gadi." Saboda kalmomin nan biyar na hau wannan dandamali.

Waɗanda suka gabace ni sun yi magana da sunan adalci, sun yi magana da sunan doka. Ni ba zan yi muku ado ba, kishi ne ya kawo ni. Na daɗe ina ɓoye shi, na yi masa wanka na sa masa sunaye masu daɗin ji, amma shi ne dai. Yau zan zazzage shi a gabanku kashi uku, ku auna da kanku ko ina da hujja.

Na farko, ina kishin inji. Kun san wadda nake nufi, babbar na'urar nan mai jera ƙananan sassa a kan fanel, wadda muke kira Gimbiya. Ranar da aka kawo ta, bango aka fasa don kada a takura mata a ƙofa. Aka yi mata ɗaki na gilashi, aka sa mata na'urar sanyi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Akwai ma'aunin zafi a jikin bangonta, akwai ma'aunin raɓa, akwai injiniyan da ke zuwa duk mako ya kara kunne ya ji ko muryarta ta sauya. In ta yi awa huɗu tana aiki sai a tsayar da ita ta huta, a share mata baki, a ɗiga mata mai. Mu kuwa muna bayan gilashin nan, mu arba'in, ƙarƙashin rufin kwano, kowa da ƙarfe mai zafi a hannu, da fanka uku waɗanda ɗaya daga ciki ta rasu tun bara ba a yi mata sutura ba.

Wata rana zafi ya kayar da maƙwabciyata a layi, mace mai ciki wata shida. Muka ɗauke ta muka nufi ɗakin Gimbiya don ta sha sanyi. Mai duba aikinmu, wanda muke kira Agogo saboda idonsa ba ya barin bango, ya sha gabanmu ya tare ƙofa da jikinsa. Ya ce, "Ku yi haƙuri, in kuka shiga da ita za ku shigar da ƙura." A barandar waje muka kwantar da ita, muka yi ta yi mata fifita da kwali. Ban ga laifin Agogo ba, abin da aka rubuta masa ya bi. Amma tun daga ranar, duk lokacin da na ɗaga kai na hango Gimbiya cikin sanyinta, sai in tuna barandar nan. Mace mai jikoki tana kishin ƙarfe, ku yi dariya in kun so, ni ma nakan yi.

Na biyu, ina kishin fanel ɗin da nake gyarawa. Baƙo in ya shigo layinmu yakan yaba, ya ce kai, masana'antar nan tana kula da mutanenta. Yana ganin farar riga, yana ganin hula, yana ganin safar hannu, yana ganin igiyar nan da ake ɗaura mana a wuyan hannu a haɗa ta da tebur, wadda 'yan mata suke kira awarwaro. Na yi shekara biyu ina godiya kan awarwaron nan, a zatona don kada wuta ta ja ni aka ɗaura mini. Sai wani injiniya mai saukin kai ya faɗa mini gaskiya. Ashe jikin mutum yana tara wata 'yar wuta da ke ƙona fanel, igiyar ita ke janye ta. Hular don kada gashina ya faɗa a kai ne, safar don kada gumina ya taɓa shi ne, rigar don kada zaren zanena ya maƙale masa ne. Duk abin da aka sa mini tun daga kai har ƙafa, an sa ne don a kare kaya daga gare ni.

To ni me aka sa don a kare ni daga kaya? Hayaƙin dalma yana tashi daga teburina ya shiga hancina tun safe har la'asar. Bututun zuƙe hayaƙi yana nan a zanen ginin, na gan shi da idona, amma a layin masu koren kati ya tsaya. Muna tari, muna murza ido, muna komawa gida da ɗacin ƙarfe a harshe. In fanel ya faɗi ƙasa sai an cika takarda an kira taro. Ranar da maƙwabciyata ta faɗi ba a cika komai ba, an dai rubuta cewa ta yi rabin yini.

Na uku shi ne mai nauyin, shi ne kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina kishin ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga ta can a layin kujeru na uku, ta sunkuyar da kai. Auta, ɗago, ba zaginki zan yi ba.

Ni na bar makaranta don ta ci gaba da tata. Ni na kawo ta masana'anta, ni na kama hannunta na ɗora a kan ƙarfen dalma, na nuna mata yadda ake riƙe matsefata, na koya mata gane liƙin da ya kama da wanda zai ɓalle. Sau nawa ta ƙone, ni na shafa mata magani. Da Gimbiya ta zo aka ce za a yi jarrabawar takarda don zaɓar masu kula da ita. Auta ta ci, ni ko zama ban yi ba. Aka ba ta koren kati, aka shigar da ita ɗakin gilashi. Na yi guɗa ranar, na zaga maƙwabta na faɗa musu, na koma ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka, kuma ba kukan murna ba ne. Shekara bakwai ke nan ina kallonta ta gilashi tana sanye da rigar sanyi a tsakiyar bazara. In ta ɗago mini hannu sai in yi kamar aiki ya sha kaina. In ta kawo wa 'ya'yana tsaraba sai in nemo aibun abin. In ta ce kanta na ciwo sai in ce sanyi ne ya yi mata yawa. Ba ta taɓa rama mini ba, wannan kuwa ya ƙara mini haushi.

Yanzu ina roƙon wakilin masu masana'antu ya gyara riƙon alƙalaminsa, domin abin da zan faɗa nasa ne. Kafin a sabunta jan kati sai an gwada ido. Malamar asibiti takan ɗaga wani kati mai ƙananan lambobi, irin waɗanda ake bugawa a jikin sassan fanel, ta ce karanta. Mai koren kati in ya kasa, tabarau ake ba shi a mai da shi wajen shirya kaya a kwali. Mai jan kati in ya kasa, ba a korarsa, ba a ce masa komai, katinsa ne kawai zai daina buɗe ƙofa. Tun bara layuka ukun ƙasa na katin gwajin suka zame mini hazo. Ban faɗa wa kowa ba, amma Auta ta lura da yadda nake nisanta fanel daga fuskata. Ana saura mako guda gwajina ta je nata gwajin, ta dawo ta same ni ina wanki da yamma. Ta miƙo mini 'yar takarda ta ce, "Yaya, katin ɗaya ne ba sa sauyawa. Ga lambobin nan, ki haddace." Na karɓa na cusa a haɓar zane. Na ce mata, "Wa ya gaya miki ba na gani?" Ta juya ta tafi, ni kuwa na kwana uku ina haddar lambobin nan kamar karatu.

Sau biyu ke nan ina cin gwajin ido da ka. Auta ba ta da laifi, ni na yi amfani da takardar, in akwai hukunci a kaina ya sauka. Ku tambayi Agogo ko fanel nawa ne cikin waɗanda na gyara ya dawo a shekarar nan, zai ce muku ko ɗaya, domin yatsuna sun san hanya, hancina ya san ƙamshin liƙin da ya nuna. Amma ni na san yatsu ba za su rufa mini asiri har abada ba. Na kuma san abin da na jawo wa kaina da bakina yanzu: za a sauya katin gwajin, kuma gwajina na gaba saura mako biyar. In sashe na uku ya wuce yadda yake, ranar nan zan tsaya a bakin ƙofar da na shiga shekara goma sha tara, in kara katina, ta ƙi buɗewa.

Shugabanninmu sun ce a karɓi abin da ya samu, bayan shekara uku a dawo a yi maganar masu jan kati. Ina girmama su, na san sun sha wuya kafin su kawo wannan. Amma idona ba shi da shekara uku. Huhun maƙwabciyata ba shi da shekara uku. Ku waiwaya ku dubi jikin bangon can, ku tambayi kanku mutum nawa ne a cikinsu suka koya muku aikin da ya ba ku koren kati, mutum nawa ne suka gyara kuskurenku kafin mai dubawa ya gani. Ban zo in ce a rage muku komai ba. Kishina bai kai can ba, kuma ina roƙon Allah kada ya kai. Ku riƙe sanyinku, ku riƙe hutunku, ku riƙe tabaranku. Abin da nake roƙo shi ne kada ku ɗaga hannu sai an goge kalmomin nan biyar, ta yadda duk wanda aka ɗaura wa awarwaro a masana'antar nan zai shiga ƙarƙashin albashi ɗaya da kariya ɗaya. Na san hakan zai jinkirta muku ƙarin da kuka daɗe kuna jira, kuma na san akwai masu haya da masu mara lafiya a gida. Ban raina wannan ba, nauyi ne nake ɗora muku da sanina.

Auta, saura ke. Ranar da kika kawo mini takardar nan ban yi miki godiya ba, kishi ya riƙe mini harshe. Yau ina yi miki a gaban jama'a, Allah ya saka miki da alheri, ki yafe mini shekara bakwai na ɗaure fuska. In an kira ƙuri'a ba zan ce miki ga abin da za ki yi ba, hannunki ne, duk da ni na fara kama shi. Abu ɗaya kawai zan gaya miki. Daga jikin bangon can ba na iya gane hannun kowa, don haka ba zan san abin da kika yi ba sai in kin zo kin faɗa mini da bakinki.

Allah ya ba shugabanninmu basira da ƙarfin hali. Allah ya tausasa zukatan masu masana'antu, ya sa albarka a cinikinsu, ya nuna musu mutanen da ke bayan gilashi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare idon matasanmu da huhunsu, ya cire mini abin da ya rage na kishi a zuciya, ya sa kada wata ta gaje shi a kujerata. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Mai girma shugaba, na cinye minti gomana har na taɓa na wani. Zan koma jikin bango in jira.

Na gode.